Ruwa Daga Mali

Likita ya ɗora yatsa kan robar ƙarin ruwa. "Madam, tunda jini ya zuba a ƙwaƙwalwar mijinki jijiyoyin suka tsuke. Maganin nan yana tura musu jini, amma yana gajiyar da zuciya. In rage?"

Kogin Yamai, mai gangarowa daga Mali, ya ƙafe, rediyon sojoji na cewa komai lafiya. In an rage maganin, maigida ba ya gane kowa. In an ƙara, sai ya yi murmushi, wai yana jin ruwa tafe daga Mali.

Na ce a bar masa.

Da la'asar ya dube ni, ya kira sunana, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Zuciyarsa, da ba ta saba ba, ta tsaya.