Yarinyar da Na Bari Cikin Kwalba

Wata Laraba da la'asar, a gidanmu na Garwa, Goggo ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta tana min kitso. Talabijin yana bayana. A katun ɗin da nake bi, mayya ta kulle yarinya mai sandar tauraro cikin kwalba, ni kuwa na sa a raina in ban kalla ba, ba za ta fito ba.

"Goggo, ta fito?"

"Wa? Mai manyan idanun nan? Sunkuya, kar ki ɓata min tsaga."

Tabarma kawai nake gani, ina shaƙar man shanu, har kiɗan ƙarshe ya tashi. Yau 'ya'yana uku, na san zane ne, amma har yanzu ina jin ni na bar ta a ciki.