Tsohuwar da Ta Ƙi Faɗin Sunan Ɗanta

Tunda ka ce aikin auna hankalin mutane za ka shiga, gyara zama ka ji wannan. An yi wani farfesa, masanin halayyar ɗan Adam, yana koyarwa a jami'a, yana kuma duba marasa lafiya a asibiti. Shekara goma sha tara yana aiki da wata takardar tambayoyi da ya tsara da hannunsa don gano gigin tsufa, kuma yana ji da ita kamar ƙwai a cokali. Da ita ya yi binciken da ya ɗaga sunansa, inda ya rubuta cewa tsofaffin matan ƙauye sun fi mazansu saurin ruɗewa. Ran nan wani magidanci ya kawo masa mahaifiyarsa. An sama mata kujerar Makka, amma sai likita ya shaida hankalinta ɗaya kafin a bar ta ta tafi. Farfesa ya ambata mata tulu da akuya da tabarma, ya ce ta riƙe su a ka. Ya tambaye ta rana da wata, ta faɗa tiryan-tiryan. Da ya tambayi sunan mijinta, sai ta sunkuyar da kai. Ya nuna wanda ya kawo ta ya ce wane ne wannan, ta kawar da fuska ta kama gyaran mayafi. Ya rubuta sifili sau biyu, makinta ya faɗi ƙasa da layi, tafiya ta kama hanyar lalacewa.

Har ya ɗora biro zai sa hannu, sai ya tuna bai tambayi abubuwan nan uku ba. Ta jero su ba gargada. Abin ya ɗaure masa kai ƙwarai, shi kuwa mutum ne da in abu ya tsaya masa a rai ko tuwo ba ya iya haɗiyewa. Ta yaya wadda ta riƙe akuyar da aka ambata mata sau ɗaya za ta manta ɗan da ta goya? Ya sallami magidancin, ya jawo kujera kusa da ita ya ce, "Iya, don Allah, wannan da ya fita, kin san shi kuwa?" Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Likita, kai ba ka da uwa ne? Ɗan fari ne fa. Ka taɓa jin tsohuwarka ta kama sunan nata ɗan farin, balle na mahaifinka?" Kunya ta rufe farfesa, don shi ma ɗan fari ne, kuma ya haura hamsin a duniya uwarsa ba ta taɓa ce masa komai ba sai "wannan yaron". Ya soke sifilin nan biyu, ya rubuta cewa hankalinta ras yake, ta fita tana sa masa albarka.

Bayan ta tafi ya sa aka sauko masa da tsofaffin takardunsa, ya shiga buɗawa ɗaya bayan ɗaya yana duba tambayoyin nan biyu. Mata kusan ɗari huɗu ne suka sunkuyar da kai a wurin, kuma dukansu da hannunsa ya rubuta sun ruɗe.

Hausawa dai sun riga sun faɗa, shiru ma magana ce.