Akwatin da Lemuel Ya Tsare

Na sauke akwatin azurfar a ofishin kamfani a Reno, na kwantar da gawar ƙanena Lemuel a gefensa. Tun daga mahaƙa 'yan fashi suka biyo keken dokinmu. Lemuel ya kwanta kan akwatin yana harbi, har harsashi ya same shi a wuya.

Manajanmu Trask ya buɗe kwaɗon. Jan bulo ne cike a ciki.

"Azurfar gasken ta iso jiya ta wata hanya, Orrin," ya ce mini.

Ban ji komai a raina ba. Na ce, "Ashe ya mutu bai sani ba."

Trask ya cire hula. "Shi ya loda bulon. Ya ce kar a gaya maka, fuskarka ba ta iya ƙarya ba."