Malama Fusena da Yaran Ɗakin Ƙasa

Ranar Juma'a, sha huɗu ga Maris, 2025, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe aka fara zaluntar Malama Fusena. A rubuta lokacin daidai, don ita ba ta san wani abu wai shi "wajen ƙarfe goma" ba. A lokacin ne aka miƙa mata faifan farko na wasu samari uku masu kiran kansu Gawayi, ta sa tabarau, ta karanta bayan kwalin tun daga sama har ƙasa, sau biyu.

Kudus, Souley da Rilwanu yaran gidan da take zaune ne, benen nan mai hawa shida da ke titin Grand Concourse. A Bronx aka haife su, a unguwar Tremont suka yi Islamiyya, iyayensu suka ƙare ƙarfinsu a tuƙin tasi da jinyar tsofaffi don su ga 'ya'yansu sun zama likitoci. Sai ga shi yaran sun gano baiwarsu a wani kiɗa da suke kira melodic death metal: gita na kuka mai daɗi kamar gaske, ganga na gudu kamar an biyo ta, a samansu kuma wata murya na ruri kamar sa a hannun mahauta. Shekara guda cur suna wannan aikin lada a ɗakin ƙasa, kusa da injinan wanki.

Malama Fusena kuwa shekara talatin da huɗu ta yi tana koyarwa a wata firamare a zangon Kumasi kafin 'yarta ta ɗauko ta zuwa Bronx. Ajinta bai taɓa gaza yara tamanin ba, makarantar kuma ba ta taɓa mallakar lasifika ba.

Mutanen gidan sun yi gunaguni har sun gaji. Malama ce kaɗai ta yi wani abu. Duk Talata da Alhamis, bayan la'asar, takan gyara mayafi, ta ɗauki fulas ɗin shayin citta da zuma, ta sauka. Ba a jimawa sai rurin ya ninka, har cokula su riƙa rawa a hawa na uku.

"Yau ma Malama na wanke su," in ji mata a matattakala.

Bayan awa biyu sai ta hawo, murya a dishe, ta wuce ɗakinta. Alhaji Braimah, shugaban mazauna gidan, har a ƙofar masallaci ya yabe ta, ya ce mace ɗaya ta fi mazan gidan duka zuciya.

Faifan ya karɓu, don duniya ba ta rasa masu son a yi musu tsawa. Wani mai sharhin kiɗa ya rubuta cewa muryar Kudus na sa mutum ya tuna laifin da bai ma aikata ba. Aka ɗauki Kudus hoto ya murtuke fuska. Aka gayyaci Gawayi wasa a Brooklyn ranar Asabar ta ƙarshen wata.

Malama ta daina sauka. Ta rubuta wa yaran wasiƙa uku, kowace da kwanan wata da sa hannu, ta tura ta ƙasan ƙofarsu. Ba amsa. In sun hango ta a lif sai su tuna cewa hawa matattakala na ƙara lafiya.

Alhaji Braimah ya ga ƙarfe ya yi zafi. Ya zagaya da takardar neman a rufe ɗakin ƙasa, mutum arba'in da ɗaya suka sa hannu. Mai gidan ya ce saura wadda ta fi kowa shan wahalar yaran: in ta sa nata, ranar Litinin zai sa kwaɗo. Ranar Lahadi da azahar aka taru a zauren shiga, aka tsayar da samarin uku a jikin akwatunan wasiƙu.

"Bismillah, Malama," in ji Alhaji, yana miƙa mata biro. "Yau Allah ya isar miki."

Ba ta karɓa ba. Ta dubi yaran ta saman tabarau.

"Wasiƙa nawa na rubuto muku?"

Kudus ya ce wani abu. Sai da aka ce ya maimaita.

"Uku, Ma."

"Amsa nawa na samu?"

Souley, wanda Hausarsa ta fi ta sauran dama, ya matso yana murza hula. "Mama, ki yi haƙuri. Wallahi don rufin asirinki muka yi. Ke babba ce, kin je Makka. Mutane za su yi magana."

"Mutane? Ni na koyar da iyayen mutane. Na ce muku asirina na jin sanyi ne da za ku rufe shi?"

Alhaji Braimah ya dubi biron, ya dubi Malama. "Wane asiri kuma ake magana?"

"Alhaji, mayar da takardarka aljihu, ba wanda zai rufe ɗakin nan." Ta miƙe tsaye, ta ɗaga yatsa kamar mai jiran aji ya yi shiru, zauren kuwa ya yi. "Shekara talatin da huɗu ban taɓa barin yaro ya rubuta sunansa a kan aikin wani ba, ba kuma a Bronx zan fara ba. Ranar Asabar, kafin a taɓa gita, Kudus zai tsaya a gaban jama'ar Brooklyn ya nemi gafarata da cikakken sunana, Fusena Abdulai, ya kuma gaya musu gaskiya: shi hoto kawai ya ɗauka, rurin da ke cikin waƙoƙin nan tara duk nawa ne."