Kwal ɗin Kaka

Kakana yana da dunƙulen kwal guda, naɗe cikin tsohuwar hularsa. Daga jirgin ƙasan da ya yi wa aikin zuba wuta ya ɗauko shi, tun yana saurayi. Ko Babanmu bai isa ya taɓa shi ba.

Ina 'yar firamare muka kai shi Kubwa ya ga sabon jirgi. Da jirgin ya wuce, Kaka ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska. "Wannan ai ko wari ba ya yi."

A bakin hanya wata mata tana gasa masara. Kawai sai ya warware hular, ya jefa kwal ɗin tsakiyar garwashinta.

Na ƙwalla ƙara. Baba ya kai hannu zai ciro, Kaka ya buge hannun. Matar ta ce, "Haba Baba, za ka ɓata mini masara!"

Da kwal ɗin ya kama, wani hayaƙi mai ƙauri ya taso. Kaka ya kamo wuyana, ya sunkuyar da ni.

"Shaƙa, amarya. Wannan ne jirgi."

Yanzu masu tara kayan tarihin reluwe kan tambaye ni abin da ya bar mana. Haushi nake ji. Me zan miƙa musu, hancina?