Tafiyar da Ta Ƙi Barinsa

Bayan la'asar ta leƙa ta zaure, sai ga mijinta tafe da tafiyar nan: kafaɗar dama a danne, wuya a karkace, taku gajeru, hannu ɗaya a sama kamar ya riƙe abin da ido ba ya gani.

Shekarar da masara ta gagari talaka ne masu fim suka zo Kabo, suka sa shi ya fito a dodo. Shari'a ta zo, aka rufe gidan kallo, fim bai fito ba. Tafiyar kuwa ta ƙi barinsa. Takan taso masa ba shiri, ta tsayar da shi a ƙofar wani gida, kafin gari ya waye a ji kuka a ciki.

A ɗaki autarsu tana fama da zazzaɓi.

"Malam, wuce! Don girman Allah, wuce!"

Ya ɗago ido cike da hawaye. "Da ni kaɗai ne da na wuce, baiwar Allah. Sauran ukun ne suka juyo."

Sai a lokacin ta gane tafiyar. Haka maza ke ɗaukar makara.