Ruwan Kwana Ɗaya

Tanka ta huɗu tana juye ruwa a babban tanki lokacin da Manaja ya lura fenti bai kai bayan ɗakin inji ba. Ya sa aka jingina allon sanarwa a wurin, ya wuce.

Shekara bakwai ke nan da gwamnati da kamfaninsu suka haɗa gwiwa suka gina tashar ruwan. Gwamnati ta ba da fili, kamfani ya kawo injuna, ya kuma ɗauki alkawarin famfunan unguwa goma sha biyu ba za su bushe ba. Yanzu cikin injuna uku ɗaya ne ke tashi, shi ma sai Falamba, mai kula da injunan tashar, ya lallaɓa shi. Ga shi ma'aikatar ruwa ta rubuto cewa ranar Alhamis za a turo injiniya domin auna ɗorewar aikin. In an ci maki saba'in, a sabunta yarjejeniya. In an gaza, a karɓe tashar, Manaja ya nemi wata sana'a.

Ya san takardar awon kamar yunwar cikinsa: sa'o'in da ruwa ke zuwa, tsabtarsa, lafiyar injuna, sai gamsuwar jama'a. Ukun farko tanka da fenti sun ishe su. Na huɗun ne ke buƙatar horo.

Tun Litinin ya tara mata ashirin na unguwa a farfajiya, ya yi wa kowacce alkawarin turmin atamfa. Matsalar ita ce, da an ce su yabi ruwan sai dariya ta ƙwace musu. Ɗaya ce kawai ba ta yi ba, wata dattijuwa mai tabarau da ta ce baƙuwa ce, mako biyu ke nan da saukarta a gidan ɗan ƙaninta. Bokitinta ma sabo ne fil.

"Gwaggo, ke za ki yi magana a madadinsu," in ji Manaja. "Ki ce ruwa na zuwa awa ashirin a rana."

"To, ɗana. Amma tsakani da Allah awa nawa yake zuwa? Kada a tambaye ni in rikice."

"Uku. Ranar da aka yi sa'a."

Haka ta yi ta tambaya har kwana uku, shi kuma yana amsawa da jin daɗi, don bai taɓa samun ɗaliba mai ƙwazo irinta ba. Yaushe rabon da a zuba maganin tace ruwa? Ina kayan cikin inji na biyu suka tafi? Me ya sa mita ke juyawa ko da famfo a bushe yake? Har ɗakin inji ya shiga da ita, ya nuna mata kusurwar da ba a son baƙo ya tsaya. Ta ce kanta ba ya riƙe abu, sai ta riƙa rubutawa a wani ɗan littafi.

Falamba ya ja shi gefe ya ce tsohuwar nan ta kira bawul, makullin bututun ruwa, da sunansa, alhali matarsa ta shekara talatin har yau "ƙarfen nan" take ce masa. Manaja ya ce ya je ya ji da injinsa.

Ranar Alhamis da hantsi farar mota mai lambar ma'aikata ta shigo. Mutum ɗaya ne a ciki, shi ke tuƙi, ya fito da kaftani mai guga da fayil a hannu. Manaja ya ji hankalinsa ya kwanta. Babban jami'in da ke tuƙa kansa ba zai yi wahalar sha'ani ba.

"Ranka ya daɗe, ni dai an ce in..." baƙon ya fara.

"Sai ka jiƙa maƙoshi tukuna, Injiniya," Manaja ya katse shi, ya miƙa masa ruwan gora mai sanyi da aka sayo a kanti.

Aka zaga da shi. Inji na ruri, famfuna na feshi, mata sun jera bokitai cikin natsuwa kamar sun saba. Baƙon bai buɗe fayil ba, sai gyaɗa kai. Sau biyu ya sake buɗe baki, sau biyu Manaja ya cika masa kunne da bayani. Tambaya ɗaya ya samu ya yi: ko zai sami ruwan da zai wanke gilashin mota? Manaja ya yi murmushi. Ya gane dabarar, ana son a ga ƙarfin ruwan ne. Da kansa ya riƙe tiyo.

Sannan Gwaggo ta fito gaban mata. Ba ta duba littafi ba, ba ta tsallake kalma ba. Awa ashirin a rana, ruwa garai-garai, yara sun daina ciwon ciki, Allah ya saka wa kamfani da alheri. Mata suka tafa, wasu suna toshe baki da mayafi. Manaja har ƙwalla ya ji ta taru masa.

Daga ƙofar ɗakin inji Falamba ya ɗaga yatsu biyar. Saura minti biyar tanki ya ƙare. Famfon ƙarshe ya riga ya fara tari.

Manaja ya kama hannun baƙon ya nufi mota da shi, yana godiya, yana addu'a, yana ƙara sauri. Ya kusa ganin shekara goma masu zuwa a gabansa, da sabon ofis, da kujera mai juyawa.

Amma baƙon bai shiga ba. Ya zare hannunsa, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya ɗan rusuna ya miƙa wa Gwaggo, wadda ta biyo bayansu, fayil ɗin da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, Injiniya, ga takardar makin da kika ce in kawo. Ofis zan kai ki, ko gida?"